Gorunan Toka na Kakata

Ni dai wauta ba ta sake ni ba har furfura ta fito mini. Lokacin da abin ya faru na haura arba'in, dillalin awaki ne ni a kasuwannin Gangara da Tarka, lakwal, wato makarantar boko, aji biyu na yi aka kore ni don na sa wa malam ƙadangare a aljihu. Duk ƙauyenmu an san bakina, amma wadda ta fi shan sa kakata ce ta wajen uwa. Ina ce mata amaryata mai haƙori ɗaya, ita kuma ta ce ba ta taɓa ganin miji marowaci irina ba.

Ɗakinta kuwa ba wurin sa ƙafa. Tsummokara, fasassun ƙore, kwanonin da gindinsu ya ɓule, faya-fayin da gara ta ci, har bakin jinka. Kullum ina ce mata ranar da kunama za ta yi biki, ɗakin nan za ta ara. Wata bazara ƙafarta ta kumbura, aka kai ta gidan likita a Tanut, ta kwana goma. Sai na ce bari in yi abin kirki sau ɗaya a rayuwata. Ban yi shawara da kowa ba, na jawo amalanken jaki na shiga kwasa. Ƙarƙashin gadonta na tarar da goruna jere, an liƙe bakinsu da laka, kowanne da ƙyalle ɗaure a wuya. Na fasa ɗaya, toka ta tashi ta cika mini hanci. Na yi dariya na ce tsufa ya kai inda ake ɓoye toka kamar gado. Duk na kai su juji na farfasa. Na ga ƴan ƙwayoyi cikin tokar, na ga kaji sun yi caa a kai, ban tsaya tunani ba don ina sauri in share ɗaki.

Da aka dawo da ita, na tsaya bakin ƙofa ina jiran yabo. Ba ta dubi sabuwar tabarmar da na shimfiɗa ba. Ta durƙusa da ciwon ƙafarta, ta miƙa hannu ƙarƙashin gado, ta daɗe tana lalube. Maƙwabciyarta, wata tsohuwa, ita ta ja ni gefe ta gaya mini abin da matan ƙauyen duk suka sani, ni ban sani ba. Iri ne a cikin tokar, don kada ƙwari su ci. Hatsi ne mai saurin nuna, wanda ko ruwa ya ɗauke da wuri yakan ba da wani abu. Uwar kakata ce ta riƙe shi a wata shekarar yunwa, ɗaure a haɓar zane, ta binne ɗa ba ta daka shi ba. Kowace shekara kakata na shuka shi bayan ɗaki ta sabunta, mata su karɓi tafi guda. Damina biyu da suka wuce ba su yi kyau ba, kowa ya cinye nasa, nata kaɗai ya rage.

Na koma juji na tankaɗe ƙasa da rariya har hannuna ya yi jini. Abin da na samu bai cika cokali ba, na shuka, awaki suka cinye tsiron. Kakata ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta dai daina wasa da ni, tana kirana da sunana na yanka kamar baƙo.

Ku masu tsofaffi a gida, in hannunku na ƙaiƙayin gyara, ku tambaya tukuna. Abin da kuke gani tarkace, mai shi ya san dalilin kowane ƙulli.

Kwana biyu kafin ta rasu ina ba ta kunu, ta riƙe hannuna, ta tambaye ni a hankali me za ta ce wa uwarta idan ta tambaye ta ina irin.