Haɗi na Goma Sha Bakwai

Shekara uku na yi a ɗakin gwaje-gwaje ina haɗa sinadarai, ina neman wanda zai kashe ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Sai in zana siffar haɗin a takarda, in dafa shi kwana biyu, in tace, a ƙarshe in samu ɗan garin da bai cika cokalin shayi ba. Guda goma sha shida na yi, babu na kirki.

Ana cikin haka ƙarfe ya yanki yayana a ƙafa. Walda yake yi a Badarawa, ga shi da ciwon suga. Ya sha kafso iri-iri daga kemis, gyambon sai ƙara ci yake. Da aka kwantar da shi, likita ya ce ƙwayar ta gagari duk allurar da suke da ita. Na roƙa aka ɗibar mini ruwan ciwon, na raini ƙwayar a faranti.

Haɗi na goma sha bakwai, wani gari rawaya, shi ya share ta. Na ɗaga farantin na ga fili fes kewaye da inda na ɗiga. Kuskurena, na faɗa a gida.

Bayan kwana huɗu ɓerayen da muka gwada shi a kansu duk suka mutu, hantarsu ta lalace.

Inna ta tare ni a barandar asibiti. "Ki ba shi maganin nan naki."

"Inna, guba ne. Ɓeraye ma ya kashe."

"Ɗan'uwan naki ɓera ne? Ƙafar fa za su yanke."

Na ce ko da ya yi kyau, sai an yi shekaru ana gwaji kafin a ba mutum. Ta gyara mayafinta, ta ce, "To karatun me kika yi?"

Talata aka yanke ƙafar, amma cutar ta riga ta shiga jini. Shi bai taɓa roƙona ba. Maganarsa ta ƙarshe da ni, tambaya ce ko an kai wa wani mutumin Mando ƙofar da ya ƙera masa. Juma'a aka kai shi makwancinsa.

Inna ba ta sake ta da zancen ba. Idan na je gaishe ta a Unguwar Dosa takan tambayi maigidana da yara, ba ta tambayar aiki.

Bayan sadakar bakwai na koma ɗakin gwaje-gwaje. Na cire ɓangaren da nake zargi da dafin, na haɗa na goma sha takwas. Bai taɓa ɓerayen ba, bai kuma taɓa ƙwayar ba.