Hancin Kawu Gawie

Duk manoman tumaki na yankinmu na Karoo sun san Kawu Gawie Steenkamp bai taɓa sayen harsashi a kanti ba. Da hannunsa yake ɗurawa, a wani ɗan ɗaki bayan gareji. Ni maƙwabcinsa ne, kuma gaskiya mutumin akwai taurin kai, amma ina son sa.

Bindigoginsa biyu, ta gadon mahaifinsa da yake kira Tsohuwa, sai wadda ya saya ya sa mata Amarya. Harsasansu kamar tagwaye suke, sai dai na Tsohuwa ya ɗan fi kauri. In ya faɗa cikin Amarya aka harba, a fuskar mutum za ta fashe.

Da idonsa ya fara dushewa, 'yarsa Annelie ta zo daga birni gab da farautar barewa ta lokacin sanyi, wadda muke shanya naman shekara da ita. Ta ce Baba ba ya iya karanta lambar gindin harsashi, don haka za ta kulle ɗakin. Ranar na ga tsoro a fuskar tsohon, domin tun rasuwar matarsa Rina ɗakin nan ne ke tashinsa da safe.

Ya ce, "Ke yarinya, juye gwangwanayen harsasan nan biyu a kwano ki cakuɗa. In na kuskure ko ɗaya wajen ware su, ɗauki makullin."

Mu maƙwabta muka cika kicin maƙil, kofi ya huce ba wanda ya kula. Annelie ta cakuɗa har da mugunta. Wani daga baya ya ce, "Kawu, a kawo maka tabarau ko fasto?"

"Kawo wa kanka, kai da ka harbe tankin ruwanka bara!"

Muka kwashe da dariya. Sai ya rufe ido, ya ɗauki harsashi ya kai hanci. "Taba. Tsohuwa." Ya ɗauki wani. "Kanumfari. Amarya." Ashe tun Rina na da rai take jefa masa kanumfarin haɗin nama a gwangwani ɗaya, shi kuma ya sa ganyen taba a ɗayan, har ƙamshin ya kama jikin tagullar harsasan. Annelie tana bi tana duba lamba, mu kuwa kowane ɗaya sai ihu da dukan tebur. Ni har hulata na jefa sama. Kwano ya ƙare tas, babu kuskure.

Annelie ta tura masa makullin, idonta ya ciko. Ya soke shi a aljihu, ya tashi ya ɗauko Amarya, ya ɗora mata a hannu.

"Baba, ai ka ci."

"Ɗakina kawai na ci. Hanci ya san harsashi, amma ba zai gaya min barewa ce ko Kobus ne a bayan duhuwa ba."

Kobus ɗin ni ne.

Ranar Asabar Annelie ta kayar da barewa da harsashin da ya ɗura mata. Da ta dawo, bai ko tambayi naman ba. Hannunta ya kama ya kai hanci, ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Kanumfari. Ƙamshin hannun mahaifiyarki ke nan."