Ƙwayar modem da fitilar Yaya Mamman

Maraɗi zuwa Tsibiri

Na rufe shagona na gyaran rediyo, na fito ƙarfe biyar da rabi na asuba. Shekarar yajin aiki ce, ba makaranta, ba albashi, kowa ransa a ɓace. Na hau kabu-kabu, cikin rabin sa'a muka cinye kilomita goma sha biyun Tsibiri.

A can wani tsohon malamin makaranta ya ajiye mini saƙon da ɗansa ya aiko daga Turai: ƙwayoyin modem biyu, baƙaƙe, kamar wake mai ƙafafu. Aikinsu aika umarni ta cikin wayar kuran ɗin gida, wato lantarki, ba sai an ja sabuwa ba. Ka danna nan, fitila ta kama can. Yayana Mamman na nema wa su. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a Jiratawa, makunnin ɗakinsa kuma na bakin ƙofa. Na zauna kan tabarmar malamin na haɗa akwatuna biyu da ƙwayoyin a ciki, na karya da ƙosan dala goma.

Tsibiri zuwa Jiratawa

Ƙarfe goma sha ɗaya na sake ratsa Maraɗi a motar 'yan kasuwa. A shingen fita gari wani jandarma ya juya ɗaya daga cikin akwatunan a hannunsa.

"Mi ne ne wanga?"

"Na kunna hitila ne, ranka shi daɗe."

"Hannu ya ƙare ne?"

Motar duka ta yi dariya, ban da ni. Ni da nake kwana ni kaɗai a bayan shago tun rasuwar matata, wannan akwatin ne abin da nake taƙama da shi.

Jiratawa

Mun isa sha biyu da kwata. Matar Yaya, Hadiza, na can gonar rani, gidan tsit, sai kaji. Na haɗa akwati ɗaya a makunni, ɗaya a gefen gadonsa. Aka ɗauke kuran, muka jira har la'asar muna kallon rufi. Da ya dawo, na ɗora yatsan Yaya a kan maɓalli. Fitila ta kama, fanka ta juya. Wallahi na ji daɗin da na daɗe ban ji ba.

Da magariba maƙwabcinsa Malam Idi ya yi sallama, kamar yadda ashe ya saba kullum. Ya leƙo, ya ga haske.

"Au, an riga an kunna. To, Allah shi ƙara sauƙi."

Ya juya ya nufi masallaci. Yaya ya bi ƙofar da ido.

"Sani, gobe kahin ka tahi, ka cire abinga."

"Yaya, ai yana aiki."

"Na gani. Idi in ya shigo kunna mini hitila, yakan zamna ya ba ni labarin gari. Yau ko takalmi bai cire ba."

Na ci tuwon gero da miyar kuka ba tare da na ji ɗanɗanonsa ba, na kwana a zaure.

Komawa

Ƙarfe bakwai na safe na kwance akwatunan, na mayar da makunni yadda na same shi. Na tsaya ƙofar Malam Idi na ce masa na'urar ta lalace, sai ya ci gaba da haƙuri.

"Dama kayan Nasara ba su jure zahinmu," in ji shi.

Na iso Maraɗi takwas saura. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa malamin Tsibiri da Hadiza. Na buɗe ɗakina, na kunna fitila da hannuna, na zauna.