Rubuta Abin da Sikeli Ya Nuna

Jiya a kasuwar Kabo na ji ƙamshin ɗanyar gyaɗa. Na tuna Baba, dattijon da ke yi mana awo a gonar gwaji ta Dugabau.

Lokacin tsuke bakin aljihu ne, ana ta rage ma'aikata. Damina uku ina gwada sabon irin gyaɗa, ga kwamitin masana na tafe duba aikin kowa. Da muka auna, sai irin gargajiya ya fi nawa auki.

Na ce, "Baba, in na rubuta haka korata za su yi. Mu ɗan ƙara mana."

Ya goge sikelin da gefen rigarsa, yadda ya saba, ya ce, "Malam, rubuta abin da ya nuna. Manomi ne zai shuka ƙaryar nan, ba kwamiti ba."

Na rubuta abin da sikelin ya nuna. Da 'yan kwamitin suka zo, shugabarsu ko buɗe rahotona ba ta yi ba. Ta ce a fito da buhunan a sake awo a gabanta. Na tsaya ina kallo, na san abin da na kusa aikatawa. Awo ya zo daidai, aikina ya tsira.

Baba ya rasu shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ban taɓa gode masa ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sauƙaƙa masa hisabi.