Darwish da Baƙuwar Katantanwa

A tsibirinmu na Arwad babu wanda bai taɓa shan zagin Darwish Bahlawan ba. Masunci ne, gajere mai kaurin wuya, katanga ɗaya ta raba gidansa da namu. Amma duk cikin abokan gabarsa babu wadda ya tsana kamar wata 'yar katantanwar teku mai zane ja-ja a baya.

Da can ba mu san ta ba. Tamu ta gado dunƙulalliya ce, baƙa, wadda mata kan ɓamɓaro a jikin duwatsu su dafa da lemon tsami. Da ita uwar Darwish ta raine shi. Sai ga wannan baƙuwa ta ɓullo. Wasu suka ce ta mashigin Suwez ta biyo daga Bahar Maliya, wasu suka ce jiragen dakon kaya ne suka kwaso ta. Kafin a ankara ta cika yashin gaɓa. In Darwish ya jawo taru da nauyi yana murna, sai ya tarar rabi ita ce, ta sarƙe zare, ta yayyanka masa yatsu.

"Baƙin haure!" yakan ce, yana tofa musu yawu. "Uban wa ya gayyato ku?"

Ramiz, mijin ƙanwarsa Widad, ya daɗe yana aiki a manyan jirage, ya kuma ga ana cin irin wannan baƙuwar katantanwa a wasu ƙasashe. Da ya ajiye aiki sai ya kafa tukunya a bakin tashar kwale-kwale, yana dafa ta da tafarnuwa da barkono. Masu zuwa shan iska daga birnin Tartus da ke tsallaken ruwa suka riƙa yin layi.

Darwish ya same shi a gaban jama'a. "Ashe kai ka kawo mana su a gindin jirginka, don ka samu abin sayarwa."

"Haba Yaya," in ji Ramiz, yana dariya, "da ina da wannan iko, ai kifi zan kawo maka, ko ka huta da dawowa hannu wofi."

Mutane suka kwashe da dariya. Darwish bai yafe wannan dariyar ba. Washegari ya juye kwandon ruɓaɓɓiyar katantanwa a gaban tukunyar, wari ya kori masu saye. Ramiz ya kai ƙara wurin mai unguwa. Widad ta zo gidan yayanta tana kuka, Darwish ya tare ƙofa.

"Ki koma wurin mai dafa ƙazanta. Ni ba ni da ƙanwa."

Daga nan ya ɗauki guduma. Duk wadda ta shigo tarunsa sai ya farfasa ta a kan dutse, don kada ko ɗaya ta kai tukunyar Ramiz. Kullum da hantsi muna jin ƙwas-ƙwas ta bayan katanga. A haka wani guntun ɓawo ya shige masa tafin ƙafa. Yana da ciwon sukari, ya kuma ƙi zuwa asibiti sai da ƙafar ta yi baƙi. A Tartus aka yanke ta daga idon sawu.

Ramiz ya je dubiya da romon kaza. Darwish ya dube shi, ya dubi kwanon.

"A tukunyar nan ka dafa?"

"Wallahi a wata daban, Yaya."

Ya sa hannu ya ture kwanon, romo ya malale a ƙasa.

Da aka sallame shi, Ramiz ya aiko a gaya masa yana son sayen kwale-kwalensa, don kwale-kwalen ya zauna a dangi. Darwish ya sayar wa wani mutumin garin Baniyas da bai taɓa gani ba, ya kulle gida, ya koma wurin ɗansa a Safita, can kan tudu inda ba a jin ƙanshin teku.

Widad kan tsallaka Tartus ta hau mota ta je duk sallah, ita kaɗai. Ta ce yana barinta ta shiga, amma ba ya cin abin da ta kai.