Yadda Na Zama Injiniyan Tantan a Kuala Lumpur

Ni dai abin da ya kai ni Kuala Lumpur karatun digiri na uku ne a kan aikin laburare, wato yadda ake jera littattafai da bayanai, kuma ina da takardar da za ta shaide ni. Injiniya kuwa wani ɗan kasuwa ne ya naɗa ni, rana tsaka, ina cikin shan shayi.

A mamak ɗin bayan gidanmu ne a Sri Petaling, irin gidan abincin nan na Indiyawa Musulmi da ɗalibai suka mayar majalisa. Ina ta faɗa a waya da wani abokina da Hausa, sai mutumin teburin kusa, ɗan ƙasar ne mai asalin Sin, ya jira na kashe ya tambaye ni ko daga arewacin Najeriya nake. Na ce ƙwarai. Ya ce shi tsofaffin taraktoci yake saye, ya gyara, ya loda a kwantena zuwa Afirka, kuma mutanen Kano da Kaduna sun dame shi sai sun ga bidiyo da yarensu. Zan iya? Na ce masa ban san komai a kan mota ba, babur ɗin da na bari a gida ma in ya ƙi tashi turawa nake yi har wurin mai gyara. Ya ɗaga hannu ya ce, "Boleh lah." A can boleh tana nufin za a iya, kuma na lura mutumin nan ba shi da wata amsa ban da ita. Kowa Bos yake ce masa, ni ma na bi sahu.

Garejinsa yana bayan gari, wani fili mai rufin kwano. Ranar da na fara zuwa sai da na tsaya a bakin ƙofa, don kamar ka shiga rumfar masu sayar da kwanukan jere. Ja-ja ne reras, wasu shuɗaye, fenti yana ɗaukar ido, tayoyi an shafe su da wani baƙin abu har suna ƙyalli. Waɗannan su ne tantan ɗin da muka taso muna bin bayansu da gudu a ƙauye, amma ban taɓa ganin ɗaya da wanka ba sai ranar. Bos ya ba ni shuɗiyar rigar kanikawa, sabuwa fil da alamar guga, da farar hular kwano. Ya ce in sa tabarauna ma, ya fi kama da mai ilimi.

Aikin bai ɗauke ni mako biyu ba na ƙware. Ka zagaya tantan a hankali hannunka a baya. Ka hauri taya da ƙafa ka gyaɗa kai. Ka zaro sandar baƙin mai, ka murza a yatsa, ka sunsuna, ka sake gyaɗa kai. Har yau ban san abin da ake sunsunawa ba, amma na sunsuna fiye da kowa a ƙasar Malesiya. Daga nan sai a tayar da injin, in kanga kunne kamar mai sauraron sanarwar mutuwa a rediyo, sannan in dubi waya in ce, "Jama'a, kun dai ji da kunnenku. Wannan lafiyayya ce, ni na duba ta da hannuna." Wani lokaci don in nuna ni ba ɗan amshin shata ba ne, sai in sami fitila guda mai tsaga in yi ta faɗa a gaban kyamara, Bos ya sunkuyar da kai ya yi alkawarin canzawa. Wannan wasan shi ya fi sayar da kaya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin abin. Bos yana ba ni ɗan abin da ba a rasa ba, yana kuma cika ni da makan, wato abinci, kaza da shinkafa har da ta tafiya gida. Amma sunan ne ya fi shiga raina. A masallacin Juma'a wajen Jalan Semarak, 'yan uwana ɗalibai, manyan malaman jami'o'i masu furfura, sai ka ji suna cewa a matsa wa Injiniya. Wani da yake karanta ainihin injiniyancin ya taɓa tambayata a kan wani abu na cikin injin, na dube shi na ce ai abin da kuke karantawa a takarda daban ne da na fili. Na tafi ina jin kaina.

Mutum ɗaya ne a garejin bai taɓa kirana Injiniya ba, wani tsohon bakanike Ba'indiye, siriri, wanda shi ne yake kwance injinan ya ɗaura. In ina zuba a gaban kyamara sai ya zauna a kan wata taya yana shan shayinsa yana kallona, ba ya dariya, ba ya magana. Haushinsa nake ji sosai.

Wata Litinin da azahar, ina laburare, Kawuna ya kira. A gida lokacin gari ya waye kenan. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, manomi ne tun ina ɗan ƙanƙani, kuma duk abin da ya mallaka mai numfashi bayan iyalinsa shi ne shanun huɗarsa guda biyu, waɗanda ya raina tun suna maruƙa. Bayan gaisuwa ya ce, "Ashe kai ne, ɗan nan? An nuna mini kai a waya a majalisa. Na ce musu wannan ai ɗana ne, ni na goya shi." Ya ce jar nan mai fitila biyu a goshi ta kwanta masa. Gwiwoyinsa sun gaji da bin shanu. Ya yi magana da wakilin masu kayan a Kano, ran Alhamis zai kai shanun kara, ya haɗa da abin da ya tara na masara.

Gabana ya faɗi, amma bakina bai sani ba, ya ci gaba da aikinsa. Na ce, "Kawu, ai ka yi zaɓi."

Ya ce, "Abu ɗaya ne ban ga ka gwada ba. Tana ɗaga garma da kyau?"

Na ce, "Sosai ma."

Da na ajiye wayar sai na zauna ina tambayar kaina da me tantan take ɗaga garma. Wata takwas ina sunsuna baƙin mai, ban taɓa zagayawa bayanta da niyyar duba komai ba, don Bos kullum ta gaba yake riƙe waya, wai can hasken ya fi kyau.

Washegari na yi sammako, na hau jirgin ƙasa na kuma ɗauki mota, na isa garejin kafin Bos. Tsohon bakaniken ne kaɗai yana buɗe akwatin kayan aikinsa. Na ajiye girman kai na gaishe shi kamar yadda ake gaida manya, na ce masa jar nan kawuna ne zai saya, manomi ne, shanunsa zai sayar. Ya rufe akwatin. Sannan ya hau, ya murza makulli. Ta yi tari, ta yi tari, ta tashi da ƙyar da wani farin hayaƙi da ban taɓa gani ba, don ashe kullum sai an ɗumama ta kafin in iso. Ya ce wannan ba komai ba ne, injin yana da sauran rai. Ya ce in zo baya.

A baya akwai wasu hannayen ƙarfe biyu, an yi musu jan fenti kamar sauran jikin. Ya ce a nan ake ɗaura garma, su suke sauke ta cikin ƙasa su kuma ɗaga ta a ƙarshen kunya. Ya ja wata sanda a gefen kujera, sama, ƙasa, sama. Hannayen ko gezau. Ya kankare fentin da tsinin sukudireba ya nuna mini ɗigon walda, an liƙe su a sama don kada su zube a gaban mai saye.

Ya ce, "Wannan a gonar kwakwar manja ta yi rayuwarta. Tirela kawai take ja, daga gona zuwa masana'anta, shekara da shekaru. Ba ta taɓa ganin garma ba. Famfon da ke ɗaga hannayen ya mutu tun ina da baƙin gashi."

Na ce, "Ita kaɗai ce haka?"

Ya waiwaya ya dubi layin jajayen da shuɗayen, ya ce, "Duk daga can suke zuwa. Wasu na gyara. Yawanci Bos yana cewa masu saye ba su tambaya ba."

Da Bos ya iso na tare shi tun bai rufe ƙofar motarsa ba. Na yi masa faɗa da Turanci, Turancin ya ƙare na koma Hausa, wadda ba ya ji, na kuwa faɗa masa maganganu masu kyau. Ya bar ni na gama, ya ce, "Ƙaramin abu ne lah. Kanikawan ƙasarku suna da ƙoƙari, za su gyara a can." Na ce famfon fa, a ina za a same shi a ƙauyenmu, ga damina ta kawo kai? Ya ce boleh. Sannan ya tuna mini, cikin ruwan sanyi, cewa shi bai taɓa cewa ya duba komai da hannunsa ba, shi ko Hausa ba ya ji. Wannan maganar ta fi zagi zafi, don ban sami inda zan kama ta ba. Na cire rigar kanikawan na ajiye masa a kan bonet, hular kuwa sai da na kai tasha na tuna tana kaina.

Saura in gaya wa Kawu. Na kwana ina tsara ƙarya mai mutunci. In ce an riga shi saye. In ce kwastam sun hana. In ce na samo masa wadda ta fi, ya jira baɗi. Duk za su tsare shanun, su kuma bar mini sunana. Amma na san Kawu, in na ce wannan ta tafi zai zaɓi ta kusa da ita, ita ma ai ni na ce lafiyayya ce.

Ran Laraba na jira har lokacin da na san ya dawo daga masallacin asuba, na fita bayan laburare na kira shi. Ina jin kukan zakara ta cikin wayar. Ya ce dillali ya zo jiya ya ga shanun ya yaba, gobe da sassafe za a kora su.

Na ce, "Kawu, kada ka kai su."

Na faɗa masa komai. Hannayen da waldar, da gonar kwakwar, da rigar da aka ba ni. Na ce masa ni ba injiniya ba ne, littattafai nake jerawa, ban san komai a kan tantan ba, ko tuƙa ta ban iya ba. Kunya ta sa muryata ta koma kamar ta wanda aka kama da hannu a tukunya. Na shirya wa faɗa, har ina fatan ya yi, don in sami sauƙi.

Bai yi ba. Sai ya ce, "To, Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka da ka faɗa mini. Bari in aika wa dillali."

Na ce amin, na fara sauke numfashi.

Sai ya ce, "Amma ɗan nan, waɗanda suka saya kafin ni fa? Su ba su da ɗa a can, ko?"

Wasu daga cikinsu na san muryoyinsu, sun nemi lambata sun kira ni suna godiya da addu'a tun kwantenarsu tana kan ruwa. Kawu ya jira ni kaɗan, ya ce in gaida iyali, ya kashe wayar.