Sunan Kano a Tsohuwar Taswira

Shekaruna na farko a shagon firam na unguwar Sharafiyya a Jidda, ba abin da nake sa wa gilashi sai ayoyin Alƙur'ani da hotunan biki da takardun gama makaranta. Shagon na kafilina ne, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mini a takardun zama, amma shi ba ya zama. Ni ke yanka katako, ni ke yanka gilashi, ni ke sauraron masu kawo aiki. A unguwar Karantina, nan cikin Jidda, aka haife ni. Kakana na wajen uwa ne ya taso daga Kano da niyyar Hajji, ya daɗe a Sudan har aka haifi mahaifiyata a can, sannan suka ƙetaro Bahar Maliya zuwa Jidda. Ni dai ban taɓa taka Kano ba, sunanta kawai nake ji a bakin manya in an zauna cin tuwo.

Wata rana da hantsi wani dattijo Bahijaze ya shigo shagon, da sanda a hannu ɗaya, ɗayan kuma ya rungume wani faffaɗan kwali a ƙirji. Daga baya na san cewa kafin ya yi ritaya aikinsa shi ne shigo da manyan jiragen ruwa cikin tashar Jidda. Na miƙa hannu zan karɓi kwalin, sai ya ja da baya.

"Wanke hannunka tukuna, ya waladi," in ji shi da Larabci, yana kirana ɗansa.

"Ya ammi, hannuna tas yake," na ce, ni ma ina kiransa baffa.

"Ga gam nan a babban yatsanka. Yalla, maza je ka wanke."

Na je na wanke, na goge, na dawo. Ya buɗe kwalin a kan tebur. Taswirar Afirka ce, takardar ta yi ja kamar ɓawon gurasa, ga alamar ninki a tsakiyarta. Ya ce a ƙasar Turai aka buga ta, ta haura shekara ɗari huɗu. A cikin teku an zana jiragen filafilai da wani kifi mai ƙaho yana feso ruwa ta ka. Ya nuna mini Jidda da tsinin fensir, ba tare da ya taɓa takardar ba. An rubuta ta "Ziden".

Yana ta bayani a kan Bahar Maliya, ni kuwa idona ya zarce yamma. Can ƙarƙashin hamada, kusa da wata giwa mai ƙananan kunnuwa, na ga haruffa huɗu: Cano. Na sunkuya. Ga Casena a gefenta, ga Zegzeg, ga Zanfara, ga Guber. Ban san lokacin da na yi dariya da ƙarfi ba.

"Lafiya?" in ji dattijon.

"Ya ammi, garin kakana ne wannan. Ga Katsina, ga Zazzau, ga Gobir."

Ya ɗauko tabarau ya duba. Ya ce ya fi shekara ashirin yana kallon taswirar nan, bai taɓa sanin cewa garuruwan suna nan har yanzu ba. Ya ja kujera ya zauna, ya sa na faɗa masa kowane suna yadda muke faɗinsa, yana maimaitawa yana karya harshe. Ranar har azahar ban yi wani aiki ba.

Shi ya koya mini yadda ake sa wa irin wannan takarda firam: ba a shafa mata gam, ba a barin gilashi ya kwanta a kanta, ba a rataye ta inda rana ke bugawa. Da ya ga aikin ya yi masa, sai ya riƙa kawo sauran taswirorinsa ɗaya bayan ɗaya, kowace da labarin inda ya samo ta.

Daga nan abin ya kama ni. Ran Juma'a bayan la'asar sai na nufi haraj, kasuwar gwanjo ta kudancin gari, inda ake zube kayan gidajen da aka tashi. A can tsakanin tsofaffin fankoki da tukwane ake jibge littattafai a ƙasa. Baƙin da suka gama aiki za su koma ƙasashensu ba sa ɗaukar littafi, ya yi musu nauyi. Na sayi littattafan tafiye-tafiye na Larabci, da wani babban littafin taswirori da bangonsa ya cire, da ƙamus na Faransanci da ban iya karantawa ba amma takardarsa ta burge ni. Har wani littafin koyon karatu na Hausa na taɓa tsinta, wani ya zana rago a shafin ƙarshe.

Matata ba ta hana ni ba, amma tana faɗin ra'ayinta. Ɗakinmu a Karantina ƙarami ne, ga laimar Jidda da ke sa takarda ta yi wari.

"Baban yara, wannan kwalin kuma a ina zai kwana?"

"Ƙarƙashin gado."

"Ƙarƙashin gado ya cika tun bara. In asu ya gama da littattafanka ya koma kan atamfofina, ni da kai ne."

Washegari sai na tarar ta zuba kanumfari a tsumma ta cusa a kowane kwali.

Wata Juma'a na ga taswirar Afirka a haraj, cikin wani firam da gilashinsa ya tsage. Ga jiragen filafilai, ga kifin mai ƙaho, ga Cano. Na saya ban ko yi ciniki ba, na rungumo ta har gida, na hana yara matsowa kusa. Da dattijon ya zo shago na shimfiɗa masa ita ina ta murmushi. Ya ɗaga ta sama ya saita da hasken ƙofa, ya juya bayanta, sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

"Zo ka gani, ya waladi."

A bayan takardar, can ƙasa, ga ragowar kwanakin wata da hoton angar jirgin ruwa. Shafin kalandar wani kamfanin jiragen ruwa ne aka yanke. Kunya ta kama ni, amma dariyarsa ta ja ni, muka yi ta yi har mai shayin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo. Sannan ya ciro ɗaya daga cikin nasa ya ɗaga a haske, ya nuna mini siraran layukan da ke cikin jikin tsohuwar takarda, da ɗan zurfin da ƙarfen bugu ya bari a gefe. Kalandar kuwa na sake mata gilashi na rataye ta a shago, masu kawo aiki suna yaba ta.

Bayan wasu shekaru ƙafa ta hana dattijon fita, sai ni nake kai masa aiki gidansa a Abhur. Wata rana ya sa aka ɗauko wata ƙaramar taswira, ba ta fi tafin hannu biyu ba, ruwa ya taɓa ɓata kusurwarta ɗaya. Ta yankin ƙasashenmu ce kaɗai.

"'Ya'yana teku suke so, su ba ruwansu da hamada," in ji shi. "Wannan taka ce. Halas, shi ke nan, kada ka ce komai."

Na kai wa mahaifiyata ita, lokacin idonta ya fara rauni. Na karanta mata sunayen, tana gyaɗa kai. Da na zo kan Zanfara ta ce akwai wata maƙwabciyarsu a Sudan, Bazamfara, da ta iya dambun nama, ta shiga ba ni labarinta, daga nan ta koma kan rijiyar unguwarsu. Taswirar ba ta dame ta ba sosai. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko wannan dabbar da aka zana jaki ne. Na ce mata zaki ne. Ta ce to mai zanen bai taɓa ganin ko ɗaya ba.

Da aka zo rushe Karantina, muka samu gidan haya a wata unguwa can gabas. Motar kwashe kaya ta yi sawu ɗaya da gadaje da tukwane, sauran sawun duk na littattafai ne, direban yana tambaya ko makaranta nake da ita. Rabuwa da unguwar ta yi mana zafi, maƙwabta sun watse ko'ina. Amma sabon gidan yana da wani ɗan ɗaki mai na'urar sanyi, matata da kanta ta tsaya a ƙofarsa ta ce, "Nan ne na littattafanka. Falo kuma nawa ne."

Na buga kantoci da ragowar katakon shago, na rataye ƙaramar taswirar da dattijon ya ba ni a bango. Yanzu tsofaffin maƙwabtanmu kan zo ziyara ran Asabar, a dafa shayi da na'ana'a, a zauna a ɗakin. Akwai wani tela Bagobiri a cikinsu, shi ya fara lura cewa mai taswirar ya zana wa Guber ganuwa mai hasumiya uku, Cano kuwa biyu. Tun daga ranar ba mu huta ba. Duk baƙon da ya shigo sai ya ja shi gaban bango ya ce ya ƙirga da kansa. Kanawa suka ce a kawo gilashin ƙara girma, na ɗauko musu, suka duba suka ce ta ukun ɗigon tawada ne. Ana cikin musun matata ta turo faranti da sambusa, aka ajiye maganar sai an ci.